Duba mace mai farfaɗiya a wani asibitin kuɗi na Yamai: abin da muka tarar

Ƙanwata ta shekara shida tana shan Dépakine saboda farfaɗiya, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa tambayarta yadda al'adarta take, alhali jinin yakan tsallake wata biyu ko uku, ta yi ƙiba, gashinta kuma yana bin mataji. Da aka sa ranar aurenta muka taso daga Tawa zuwa wani asibitin kuɗi a Yamai inda likitan ƙwaƙwalwa yake duba marasa lafiya.

Mun yi jira tun hantsi har bayan azahar, kuɗin ganin likita kuma ba na talaka ba ne. Amma da muka shiga, kafin ya dubi hoton ƙwaƙwalwar da muka riƙo, sai ya ce mata: "Malama, ana shirin aure ne?" Daga nan ya bayyana mana cewa sinadarin valproate da ke cikin Dépakine yana iya dagula al'ada da ƙwan mace, kuma idan aka sha shi da juna biyu, kusan jariri 1 cikin 10 yakan zo da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, wanda ya sa ƙasashen Turai suka tsaurara ba da shi ga mata masu shekarun haihuwa tun 2018.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a maganinta kaɗai ba. Ya ce Gardénal da Tégrétol, magungunan farfaɗiyar da mutanenmu suka fi sani, suna sa hanta ta gaggauta narkar da ƙwayoyin tazarar haihuwa da abin da ake sakawa a dantse, har mace ta ɗauki ciki tana ganin ta kare kanta, amma allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala. Ya mayar da ita kan wani maganin farfaɗiya mai suna Keppra a hankali, ya ƙara mata bitamin ɗin folik asid, ya kuma ja kunnenta kada ta kuskura ta yanke magani rana ɗaya ko da ta ga alamar ciki.

Inda asibitin ya gaza shi ne duk bayanin nan da baki aka yi shi, takardar da aka ba mu kuwa da Faransanci take, ga shi angon bai zo ba balle ya ji da kunnensa. Sabon maganin ma ya fi tsohon tsada, kuma sai da muka zaga faramasi uku kafin mu haɗa na wata biyu da za mu koma da shi Tawa.