GARGAƊI: mai "haɗa injin turbo" ya cinye min N2,380,000, ya kashe min inji

Jama'a assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa, saboda kunya. Amma yau da na ga makanikin ya sake ɗora bidiyon wata mota yana kiran sababbin kwastomomi, na ce wallahi ba zan yi shiru ba. Naira miliyan biyu da dubu ɗari uku da tamanin. N2,380,000. Ban sa kuɗin turbo a ciki ba, ban sa na gaskit da baƙin mai da jan mota ba. Wannan abin da ya shiga asusunsa ne kawai, kuma rasit ɗin banki duka biyun suna wayata, zan ɗora su.

Kafin wani ya zo yana ce min ai ni na sayi abin da ban sani ba: shekara goma sha ɗaya ina taɓa mota. Lexus IS300 ce, ta 2002, mai injin 2JZ ɗin nan silinda shida wanda bai zo da turbo ba. Bulok ɗinsa na ƙarfe ne, faɗin ramin silinda milimita 86. Na yi karatuna kafin in fara. Na san in za ka ɗora wa inji turbo da gaske sai ka sauya fistin, ka sa irin wanda aka matse da ƙarfi a maƙera, ba na zubi ba. Na san alminiyon da ake yin fistin da shi iri biyu ne a kasuwa, akwai 4032 mai silikon da yawa wanda ba ya kumbura sosai in ya yi zafi, akwai 2618 mai jure wahala amma ya fi kumbura, don haka ya fi buƙatar fili a cikin rami. Ni da bakina na ce masa 2618 nake so, 86.5, a faɗaɗa ramin da rabin milimita. Ni na faɗa. To ina rashin sanin?

Abin da ya ci ni shi ne mutumin ya iya magana. Ranar farko da na je garejinsa, kafin in gama bayani ya tare ni: "Alhaji, wannan ai tazarar 0.10 za mu ba shi, ƙasa da haka in ya yi zafi zai kama bango." Haka ya ce. 0.10. Daidai abin da na karanta, don masu ƙera irin wannan fistin yawanci wajajen 0.09 zuwa 0.10 na milimita suke cewa a bari ga rami mai wannan faɗin. Na ji sanyi a raina, na ce yau na samu wanda ya san aiki. Har yanzu in na kwanta sai in ji muryarsa, "Alhaji, 0.10 za mu ba shi." Yana faɗa yana goge hannu da tsumma, ko kallona bai yi ba, kamar abin da yake yi kullum. Wannan rashin kallon ne ma ya sa na yarda, na ɗauka alamar gwaninta ce. A nan take na tura N1,900,000 na fistin shida da ringinsu, wai daga Amurka za su zo.

A'a, bari in gyara, ba a ranar ba ne. Ranar na ba shi bulok ɗin ne, kuɗin washegari na tura bayan sallar Juma'a. Sauran N480,000 na aikin borin da gyaran bangon silinda kuma sai da kayan suka iso, wajen sati biyar. Cikin kuɗin nan har da abin da ya kira aikin faranti. Ga wanda bai sani ba, wani faranti ne mai kauri da ake ɗaure wa bulok da notinan kan inji kafin a gama goge ramin, saboda in aka ɗaure kai bulok yana ɗan murɗewa, to ana so ramin ya fita zagaye a yadda zai zauna cikin mota. Ya ce yana da shi. Na ce in gani, ya ce yana wurin yaronsa a ɗaya shagon. Dubu ɗari huɗu da tamanin, a kan farantin da ban taɓa gani da idona ba.

Da fistin suka zo na tambayi takardar da ke zuwa cikin kwalin. Duk fistin na kirki yana zuwa da takarda mai faɗin tazarar da za a bari da kuma daidai inda za a auna a jikin siket ɗinsa, wato ɓangarensa na ƙasa, don fistin ba ɗaya yake daga sama har ƙasa ba, kansa ya fi siket ɗin tsukewa. Ya ce 'yan kwastan sun buɗe kwalin takardar ta ɓace. Na yarda. Eh, na yarda, ku zage ni. Wa bai taɓa karɓar kaya a buɗe ba a ƙasar nan?

Yanzu ga inda ya fi yi min ciwo. Ranar da aka tayar da injin da sassafe, cikin sanyin hunturu, shiru kake ji. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji ka ji? Kamar agogo." Ni kuma ina ta murna har da ɗaukar bidiyo na tura wa abokai. Alhali na sani, wallahi na sani, fistin 2618 da aka ba cikakkiyar tazararsa yakan ɗan yi ƙas-ƙas in inji yana da sanyi, sai ya ɗumama ya cika ramin ya yi shiru. Shirun nan shi ne ƙararrawar da ya kamata ta farkar da ni. Na karanta wannan ya fi sau goma. Amma ga mutum ya dafa ka yana murmushi, ga motarka da ta yi wata huɗu a kan jak ta tashi, ina za ka tuna? "Kamar agogo." Bidiyon ma yana nan, zan sa shi ku ji da kunnenku.

Na bi ƙa'ida, kada wani ya ce na yi gaggawa. Kilomita kusan dubu ina lallaɓa ta, na sauya baƙin mai sau biyu. Ranar da na fara taka ta sosai a hanyar Zariya, karo na farko lafiya, na biyu lafiya, a na uku sai na ji ƙarfi ya janye kamar an riƙe motar ta baya, sai ƙara, sai hayaƙi ta salansa. Na kashe na gangara gefe. Na kira shi sau goma sha huɗu a wurin. Da ya ɗauka daga baya sai ya ce man fetur ɗina ne ba kyau. Washegari ya ce mai saita min kwamfutar motar ne. Jibi ya ce ai wannan ƙaddara ce, Alhaji a yi haƙuri. Ƙaddara ce, na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta karɓi N2,380,000 ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin a rufe injin ya ba ni wata takarda da ya rubuta da biro, silinda ɗaya zuwa shida, kowace 0.10. Shida cif, babu mai ko ɗan bambanci. Ita ma tana hannuna.

Wani dattijo mai aikin borin a Kaduna na kai wa injin, wanda tun ina yaro yake wannan sana'a. Da muka buɗe, fistin na biyar da na shida siket ɗinsu ya goge ta gefe biyu, alminiyon ya narke ya manne a bangon silinda kamar an shafa masa dalma. Baba bai ce komai ba. Ya bar kayan suka kwana a ɗaki ɗaya don zafinsu ya daidaita, da safe ya ɗauko maikiromita, wato ma'aunin kauri, ya auna siket ɗin fistin da suka tsira, ta gefen da ya gicciye fin, wato ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi, ya saita ma'aunin rami mai agogo a kai, ya zura sama, tsakiya, ƙasa. Sai ya juyo min da agogon ya ce, "Ɗana, karanta da kanka." 0.04. Wata 0.05. Ko kaurin gashin kai bai kai ba. Irin filin da ake ba fistin zubi na ƙaramar motar gida, shi aka ba fistin da zai sha wutar turbo. Alminiyon kuwa in ya yi zafi kusan ninki biyu yake kumbura a kan ƙarfen bulok, to ina zai je? Bango zai kama. Abin da mutumin ya faɗa min da bakinsa ranar farko, shi ɗin ya yi min. Ringin ma Baba ya ce ko goga bakinsu ba a yi ba, yadda suka fito daga leda haka aka zura su. Fistin ɗin kuma babu lambar kamfani ko ɗaya a cikinsu. Ya tambaye ni nawa na biya, na faɗa, ya yi salati ya ci gaba da aikinsa. Wannan salatin ya fi zagi zafi.

Yanzu makanikin da ya cuce ni ya toshe ni a WhatsApp. Na je garejin sau biyu, yaransa su ce ya yi tafiya. Hotunan fistin, hoton agogon Baba, takardarsa ta biro da rasit biyu, duk zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin asusu, don lauya ya ce kada in saki suna tukuna. Maganar tana gaba.

In za ku ba da irin wannan aiki: fistin da ba takarda kada ku karɓa. A auna a gabanku, da maikiromita da ma'aunin rami, kowace silinda. Ku ga farantin da idonku. Kada ku biya duka kafin awo.

Kuma masu turo min saƙo wai me ya sa ban kawo musu aikin ba tun farko, don Allah ku ƙyale ni haka. Bulok ɗin yana nan a tsakar gida an rufe shi da buhu, Baba ya ce sai an sake faɗaɗa shi zuwa 87 an sayi wasu fistin shida.