Matuƙin iska ko otofailot: wanda zan fara saya

Ɗan'uwa, tun da ka ce ɗaya kawai za ka iya ɗorawa a jirgin ruwanka mai tafiya da iska a yanzu, kuma tsallaka teku ka nufa, sayi matuƙin iska, wato na'urar da ke riƙe tuƙin jirgi da bugun iska. Otofailot, mai yin wannan aiki da wutar batir, ya jira tukuna.

Mu biyu muka tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari, ni da ƙanena, muka nufi tsibirin Sent Lusiya a yankin Karibiyan, tafiyar da ta kai mil 2,700 na ruwa. Jirgin na da duka biyun, amma otofailot na fi yarda da shi, don shi na fi kashe wa kuɗi. A dare na biyar, raƙuman ruwa na ta turo mu ta baya, sai na ji motarsa mai juya tuƙi ta yi gurnani, ta yi tsit. Jirgi ya fara ba ruwa gefensa. Ƙanena ya cafke sitiyari, ni kuma na rarrafa baya da fitila a goshi, na kafa faifan matuƙin iskar, na saita shi da iskar, na ɗaure sitiyari. Daga wannan dare har muka hango tsibiri, abin da ya nema a wurinmu kawai shi ne a watsa masa ruwan daɗi a wanke gishiri. Wanda bai taɓa yin tuƙin hannu na karɓa-karɓa ba, awa uku-uku dare da rana, ba zai san girman wannan ni'ima ba. Gajiya ce ke sa mutum yanke shawarar banza a teku. Mu kuwa mun yi barci har da minshari, ƙanena ma "na ukunmu" yake kiransa.

Sirrinsa shi ne ba ruwansa da batir. Faifan da ke sama yana jin inda iska ke bugowa, da jirgi ya kauce sai ya kwanta gefe, wannan kwanciyar ta motsa allon da ke cikin ruwa. Iska na ƙara ƙarfi, shi ma yana ƙara ƙarfi, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Manyan iri biyu ne a kasuwa. Samfurin Monitor da na Aries suna da allo mai lilo wanda gudun ruwa ke turawa, shi kuma ya ja igiyoyi zuwa sitiyarinka. Hydrovane kuwa da allon tuƙinsa yake zuwa, babu igiya ko ɗaya a wurin zama, kuma in babban allon tuƙin jirgi ya karye, shi zai kai ka gaɓa. Nawa irin na biyun ne, kuma wannan dalili na ƙarshe ya isa in sake sayensa gobe. Idan sitiyarinka na haidirolik ne, wato mai aiki da matsin mai, masu igiya ba sa shiri da shi sosai, ka karkata ga mai allonsa.

Ba ni kaɗai ba ne. A tseren Golden Globe na 2022, inda da matuƙin iska ake zagaya duniya, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta yi fiye da kwana 230 ita kaɗai ba tare da tsayawa ba, ta zo ta ɗaya a watan Afrilu na 2023. Hydrovane ne a bayan jirginta.

Kada ka ɗauka ba shi da halinsa. Iska yake bi, bai san kamfas ba. Iska ta juya cikin dare, jirgi ya juya tare da ita, shi ya sa mai gadi dole ya riƙa leƙa kamfas, kuma kusa da gaɓa ba na sakar masa ido. In ƙyallen da iska ke turawa ya yi wa jirgi yawa, zai yi ta kokawa a banza, sai ka rage da wuri, ka daidaita na gaba da na tsakiya har jirgin ya kusa tafiya miƙe da kansa. Makon farko zai ba ka haushi. Bayan nan za ka ga ya koya maka jirginka fiye da kowane malami. Haka kuma in iska ta mutu ka kunna inji, faifan ba ya da abin ji.

Nan ne kawai zan yaba wa otofailot: ranar da babu iska, da lokacin da kake kai kaɗai kana sauke ƙyalle a bakin tasha. Ban da haka, cin batir dare da rana, ga ƙara a ƙarƙashin gadonka, ga waya da gishiri ke ci a ɓoye. In ka ƙetare da shi kaɗai, sai ka ɗauki motar safaya da ƙarin faranti na sola. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce daga baya ka sayi ƙaramin otofailot na sanda, ka maƙala shi a jikin matuƙin iskar. Ƙarfi kaɗan yake bukata, wuta kaɗan yake sha.

Abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Wani zai goge ƙarfen ya yi ƙyalli, alhali tsaga na ɓoye a bakin walda da ƙarƙashin maɗaurai, inda ƙarfe mara tsatsa ke ruɓewa ba a gani. Wani ya ce maka "yana shiga kowane jirgi". Ƙarya ce. Tsawon sandar da ƙafafun da ke riƙe shi a bayan jirgi, da awon jirgin farko aka yanka su. Masu otofailot ma haka, su auna maka da nauyin jirgi wayam, alhali jirgin doguwar tafiya cike yake da ruwa da mai da sarƙar anka. Haka aka yi mini, aka ba ni wanda ya yi wa jirgina kaɗan.

Kafin ka biya kuɗin matuƙin iska na hannu, karɓi lambar da ke jikinsa, ka auna tsayin bayan jirginka daga ruwa, ka aika wa kamfanin da ya ƙera shi duka biyun tare da hoto. Ka jujjuya sandar da hannunka, in ta cije ko tana kaɗawa, bar masa kayansa. In ta yi laushi, ɗauka, ka haɗa da faifai guda na ajiya.