Gargaɗi kan masu "gyaran modem" ta WhatsApp

Jama'a, a yi hattara da wasu da ke laɓewa a ƙarƙashin shafukan kamfanonin sadarwa a Facebook. Da zarar ka rubuta ƙorafi cewa modem ɗinka ya daina kawo intanet, sai wani ya biyo ka ta saƙo, da tambarin kamfanin a hotonsa, ya ce shi ma'aikaci ne. Makon jiya suka damfari kawuna, dattijo ɗan fansho. Suka ja shi WhatsApp, suka turo masa wata manhaja wai da ita za su duba na'urar daga ofis, sannan suka ce ya biya ɗan kuɗin rajista da katinsa na ATM. Duk abin da yake dannawa suna kallo, har lambar sirrin da banki ya turo. Kafin la'asar sun yashe asusun.

Abin ya yi mini ciwo matuƙa, domin na san wannan dabarar tun tana jaririya. Na yi gyaran kwamfuta a zamanin da ake jona modem da layin tarho na NITEL, gudunsa bai wuce 56k ba, yana ƙara yana tsuwa kafin ya haɗu. Matsalolin lokacin a bayyane suke. Idan Windows ta nuna lambar kuskure 680, babu sautin layi, sai ka duba waya ko ta zare daga bango. 691 na nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba. 678 kuwa can ɓangaren ne ba su amsa ba. Duk mai gida na iya dubawa da hannunsa.

To a 1997 a Amurka aka bankaɗo wasu da ke ba mutane manhajar kallon hotuna wai kyauta. Tana shiga kwamfuta sai ta kashe sautin modem, ta katse layin da mutum yake kai, ta buga wata lamba ta ƙasar Moldoba, ana caje shi sama da dala 2 kowane minti. Ba ya sani sai takardar kuɗin tarho ta iso. Hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ta maka su a kotu, aka mayar wa mutane sama da 38,000 kuɗinsu. Kashe sautin nan shi ne gaba ɗaya sirrin. Na yanzu ma haka suka yi wa Kawu, suka riƙe shi a waya suna ta hira da ladabi, "Baba kada ka kashe, saura kaɗan", don kada ya lura da saƙonnin banki.

Babu kamfanin da ke buƙatar lambar katinka, ko ka saka manhaja irin AnyDesk, mai ba wani damar ganin wayarka daga nesa, don ya gyara modem. Kashe na'urar ka kunna, ka cire layin SIM ka goge ka mayar, ka duba ko data ta ƙare. In ta ƙi, ka kira lambar da ke jikin kwalin ko ka taka zuwa ofishinsu. Wanda kuma ya riga ya saka manhajar, ya kashe data nan take, ya goge ta, ya kira bankinsa a rufe katin tun kafin ya tsaya ba da labari.

Da na duba modem ɗin Kawu, layin ne kawai ya ɗan goce daga mazauninsa. Har yau muna zaryar banki.