Praziquantel: ɗaci a baki, amma fitsarina ya washe

Ƙwaya huɗu na wannan maganin tsargiya likita ya ba ni, kowace miligiram 600, domin ana lissafa miligiram 40 ne kan kowane kilo na nauyin mutum, ni kuwa kilo 60 nake. Manya ne, ga ɗaci kamar maɗaci. Na haɗiye bayan cin abinci, duk da haka jiri da murɗawar ciki suka kwantar da ni har yamma.

Da yake ni mai bin diddigi ne, sai na nemi sanin abin da yake yi wa tsutsar tsargiya. Yana sa sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin jikinta, ta sandare, fatarta ta yage, garkuwar jikinmu ta samu ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne, tsutsar tana zaune cikin jini, inda ƙwayoyin garkuwa ke watsa mata gubar iskar oksijin, alhali ba ta da katalas, sinadarin da mu muke kashe wannan guba da shi. Dogaronta wajen kare kanta daga gubar na kan wani sinadari guda da ake kira TGR, wanda ke yin aikin da sinadarai biyu ke yi a jikinmu. Shi ya sa masu binciken sabon magani suka sa masa ido.

Inda na rage wa praziquantel maki: bai cika kama tsutsar da ba ta balaga ba, sai da aka maimaita mini bayan 'yan makonni. Kuma ba riga-kafi ba ne. Jinin da ke fita a fitsarina dai ya ɗauke, gwajin ƙarshe bai nuna ƙwai ba.