Kayan kariya da motar yashe lambatu a Yamai: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Tun bayan ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya tumbatsa ya shiga unguwanni irin su Saga da Lamorde, aikin yashe magudanan ruwa kafin damina ya zama sana'ar da ƙananan ƴan kwangila da yawa suka shiga a Yamai. Wanda zai sayi kayan wannan aiki yakan fara da hular kwano da riga mai ƙyalli, domin su ne ake gani daga nesa, alhali abin da ya fi kashe ma'aikaci a cikin rufaffen lambatu ko ramin masai iska ce da ido ba ya gani.

Saboda haka na'urar auna iska ce ya kamata ta ci kason farko na kuɗin. Ruɓaɓɓen laka yana fitar da iskar H2S, wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, amma idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka cewa ta wuce. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa. Oksijin kuma, wanda a sarari yake kashi 20.9 cikin ɗari, idan ya sauka ƙasa da 19.5 bai kamata kowa ya shiga ba.

Zaɓi biyu ne a gaban mai saye. Akwai ƙaramar na'ura mai auna iska ɗaya, irin BW Clip, wadda ke aiki shekara 2 daga ranar da aka kunna ta, sannan a jefar da ita. Tana da arha kuma ba ta buƙatar caji. Akwai kuma mai auna iska huɗu, wato oksijin, H2S, iskar CO ta hayaƙin inji, da iska mai kama wuta, kamar Dräger X-am 2500 ko MSA Altair 4XR. Ga mai shiga rufaffen wuri, a ganina ta biyun ce kawai ta wadatar, domin ta farkon, idan H2S take aunawa, za ta yi shiru ko da oksijin ya ƙare. Sai dai tsadarta ba ta tsaya a ranar saye ba: tana buƙatar a gwada ta da ƴar tukunyar iskar gwaji kafin aiki, a kuma daidaita ta, galibi duk wata 6, kuma zafin Afrilu da bushewar hunturu suna rage kwanan sassanta masu ji. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa inda za a daidaita ta da inda za a sami tukunyar gwajin. Idan ya kasa amsawa, ka nemi wani dillali. Na'ura mai ɗauke da famfo da dogon tiyo ta fi, domin tana ba da damar auna ƙasan rami alhali mutum yana tsaye a sama. Takunkumin ƙura kuwa ba ya tare ko ɗaya daga cikin waɗannan iskoki, komai kaurinsa.

Bayan na'ura sai hanyar fito da wanda ya suma. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu tana iya zamewa ko ta ji wa mutum rauni, shi ya sa ake sayen ɗamarar jiki duka mai lambar EN 361, tare da ƙarfe mai ƙafa uku da na'urar jawowa, yadda wanda ke sama zai ciro abokinsa ba tare da ya bi shi ciki ba. Ana samun irin waɗannan kaya na hannu a kasuwar Katako, amma ɗamarar da takardar ɗinkinta ta goge, ko wadda rana ta cinye zarenta, ba ta da araha ko nawa aka bar ta.

Sauran kayan ba su da wuyar zaɓi. Takalmin roba mai alamar S5 yana da kariya a yatsu da tafin ƙafa, abin da ake buƙata a wuri irin kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai, inda fasassun kwalabe da ƙusoshi ke kwance cikin shara. Hula kuma a nemi mai lambar EN 397.

Mota ce babban jari. Yawancin motocin zuƙar laka da ke aiki a nan tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, kuma takardar binciken lafiyar mota tana magana ne a kan birki, fitilu, taya da makamantansu, ba ta tabbatar da ƙarfin tanki ko na famfo. Wannan binciken na mai saye ne. A sa a cika tankin a gabanka, a ga ko famfo yana riƙe zuƙa, a duba bakin ƙofar baya da robarta, a kuma leƙa ciki a ga ko allunan da ke hana ruwa kai da komo suna nan, domin tanki mai rabin kaya wanda ba shi da su yana iya kifar da mota a kwana. Famfon zuƙa mai aiki da man inji ya fi sauƙin gyara a wurin makanikan gida, amma yana saurin ɗaukar zafi; mai aiki da ruwa ya fi jure dogon aiki, sai dai ya fi tsada kuma kullum yana son ruwa mai tsabta.

Motar da ta haɗa zuƙa da feshin ruwa mai ƙarfi ta fi dacewa da rufaffen bututu, amma mafi yawan lambatun Yamai yashi da leda ne ke toshe su, kuma waɗannan shebur da tifa suke buƙata. Wanda aikinsa buɗaɗɗen lambatu ne zai fi cin riba da tifa mai lafiya. Kowace aka zaɓa, a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba.