Wane firoksi za ka ɗora a gaban sabarka idan kukis ne ke ba ka ciwon kai?

Mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirri daidai, ya danna shiga, shafin ya sake mayar da shi bakin ƙofa kamar bai taɓa zuwa ba. Idan hakan ya fara ne bayan ka sa firoksi (manhajar da ke karɓar buƙatun baƙi ta miƙa su ga sabar da ke baya) a gaban manhajarka, galibi kukis ne, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don shafi ya gane wanda ya shiga, ya salwanta a hanya. Manhajar da ke baya tana zaton sunanta localhost (sunan da kwamfuta ke kiran kanta da shi), ko tana zaton ta HTTP ake zuwa mata alhali firoksin ne ya riga ya karɓi HTTPS, sai ta buga wa kukis adireshin da burauza ba za ta yi aiki da shi ba. Tun fitowar Chrome 80 a 2020 kuma, kukis mai SameSite=None (wanda aka yarda a aika shi ko da buƙatar daga wani shafi ta fito) ba ya zama sai da alamar Secure, mai hana aika shi sai ta HTTPS.

Idan manhaja ɗaya ce a kan saba ɗaya, ni firoksin Caddy nake ba wa mutane shawara. Da kansa yake miƙa ainihin sunan shafin ga manhajar, ya haɗa da X-Forwarded-Proto mai gaya mata ta HTTPS baƙo ya zo, ya kuma karɓo takardar HTTPS daga Let's Encrypt. Rabin matsalar ba ta ma tasowa.

Nginx ba ya yi maka wannan alfarmar. Sai ka rubuta proxy_set_header da hannunka, in ka manta, manhajar ba za ta ga sunan shafinka ba. Amma wajen gyaran kukis ɗin kansa, nan ya yi fice. Da proxy_cookie_domain kake sauya adireshi, da proxy_cookie_path kake daidaita hanya idan ka ajiye manhaja a ƙarƙashin wani reshe na shafin, sannan daga siga ta 1.19.3 akwai proxy_cookie_flags mai liƙa Secure da SameSite. Wannan na ƙarshen yana ceton mai tsohuwar manhajar da babu wanda zai taɓa cikinta. Abu ɗaya za ka kiyaye: manyan kukis na tsarin shiga sukan cika ma'ajiyar Nginx, ya jefo kuskure mai lamba 502. Kada ka ɗora wa manhajar laifi, ƙara proxy_buffer_size kawai.

Apache ma yana da nasa, ProxyPassReverseCookieDomain da ProxyPassReverseCookiePath, tare da ProxyPreserveHost. Wanda ya saba da shi ba shi da dalilin ƙaura.

Inda lissafi ke canzawa shi ne idan sabobin baya sun kai biyu ko uku kuma kowacce tana riƙe bayanin shigar mutum a cikinta. Mutum ya shiga ta farko, buƙatarsa ta gaba ta faɗa ta biyu, wadda ba ta san shi ba. Wasu kan yi maganin wannan da ip_hash na Nginx, mai tura kowane baƙo zuwa saba ɗaya bisa adireshinsa na intanet, ni kuwa ban yarda da shi ba ga shafin da yawancin baƙinsa da datar waya suke zuwa: adireshinsu yana sauyawa suna tafe, kuma kamfanin sadarwa kan cusa mutane masu yawa a bayan adireshi guda. A nan HAProxy ya fi dacewa, domin yana dasa kukis nasa mai tuna sabar da kowa ya fara sauka. Traefik ma yana yin haka, kuma ya fi sauƙi ga mai aiki da Docker, tsarin gudanar da manhajoji a cikin kwantena.

Kafin ka sauke ko ɗaya, danna F12 a burauzarka don buɗe kayan binciken shafi, ka duba layin Set-Cookie a amsar da sabar ta dawo da ita. Chrome yakan sa alamar gargaɗi kusa da kukis ɗin da ya ƙi karɓa, ya kuma faɗi dalili.