Kafin ku sa kafinta ya ɓoye makirowef a cikin kabad

Salam 'yan uwa na gida, musamman iyayen amare da ke ta haɗa kayan kicin. Hotunan jere da ake turo min kullum ina gani, masha Allah kabad har rufi, komai a ɓoye, makirowef a ciki, tosta a ciki, har eya firaya an yi mata ɗaki an ja soket an rufe da murfi. Kyau kam ya yi, amma wallahi duk sanda na gani sai gabana ya faɗi, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda abin yake a nan Manchesta ta ƙasar Ingila.

Kicin ɗin gidajen haya a nan ƙanana ne sosai, don haka su ma Turawa suna son tura kaya cikin kabad, kuma ajiya ba laifi ba ne, a gida ma da ƙurar hunturu ai ya fi. In kin gama aiki da abu ki zare filogi, ki bar shi ya huce sarai, ki kakkaɓe ɓurɓushin biredi ki goge maiƙo sannan ki ajiye. Kunna shi yana cikin kabad ɗin ne matsalar. Tosta zafinta sama yake tashi, katako na kanta yana gasuwa a hankali. Eya firaya ta baya take fitar da iska mai zafi, takardarta ma ta ce a bar fili tsakaninta da bango. Butar lantarki da tukunyar shinkafa kuwa tururi ne, ya jiƙa katakon nan na garin katako da aka matse ya kumbura, ya kuma taru a bakin soket. Makirowef iri biyu ake sayarwa a shagunan nan, akwai wadda aka ƙera don a gina ta cikin kabad, da firam da hanyar iska, tana da tsada, akwai ta ajiyewa a kan kantar kicin, ita ce yawanci muke saye a Sabon Gari, ramukan iskarta a gefe da baya suke, in aka matse ta a akwati zafin ba shi da wurin fita.

Wutar nan da tamu iri ɗaya ce, bolt 230, soket ma mai ƙafa uku ne kamar namu. Bambancin shi ne a nan kowane filogi da fiyus a cikinsa, mafi girma amp 13, wato wajen wat 3000, kuma butar lantarki ɗaya kan ci kusan hakan ita kaɗai. To ki duba ekstenshan ɗin nan mai araha da ake jona buta da tosta da makirowef duk a kai, a cusa shi bayan kabad inda ba mai ganin ya fara narkewa, ga filogi mai ƙafa biyu da ake turawa da tsinke ya zauna sako-sako yana tartsatsi, ga ɓera yana gwaguyar waya a duhu. Masu kawo kaya daga Amurka ku kula, nasu bolt 120 ne, sai da taransifoma mai rage wuta, ita ma zafi take yi, ba ta kulle ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗauke wuta. A nan da wuya a ɗauke, abu in an kunna an san a kunne yake. A gida kuwa ana cikin gashi NEPA ta ɗauke, amarya ta tura murfin kabad ta tafi unguwa ko ta kwanta, tsakar dare a dawo da wuta wani lokaci ma da ƙarfi fiye da ƙima, abu ya ci gaba da aiki a rufe ba kowa a wurin.

Sannan su nan akwai abubuwan da ke kama kuskure tun bai yi nisa ba. Tun 2015 doka ta tilasta wa mai gidan haya a Ingila ya sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, kuma tun 2020 duk shekara 5 sai ma'aikaci ya duba wayoyin gidan ya ba da takarda. 'Yan kwana-kwana suna zuwa gida kyauta su duba, musamman gidan tsofaffi. In kamfani ya gano kayansa na da matsala zai sanar a mayar, ya gyara ko ya canza, mu kuwa in ka saya ka saya, balle na gwanjo. Duk da haka ba su tsira ba, gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yuni 2017 daga firji ta tashi a kicin ɗin wani gida a hawa na 4, mutum 72 suka rasu. Allah ya kiyaye mu.

Don Allah in za a yi muku kabad ku ce wa kafinta ya bar kantar kicin a buɗe da soket biyu ko uku a bango inda ido ke gani, mai gyaran wuta na gaske ya ja wayar. In dole sai makirowef ta hau shelf, a bar shi ba murfi, da fili ta sama da gefe da baya. Ƙararrawar hayaƙi mai batir ba ta da nauyi, duk mai ɗan uwa da zai dawo hutu ya ce ya saka guda biyu a jaka, ɗaya a liƙa a silin ɗin koridon bakin kicin, ɗaya kusa da ɗakin kwana.